Duron Ruwan Tata Velile

Ƙarfe takwas da 'yan mintuna na safiyar Litinin, Sufeto Fikile Dweba bai ko kai kofin shayinsa baki ba wayar ofis ta ɗauki ƙara. Likitan asibitin gunduma ne.

"Sufeto, akwai wani dattijo da ya cika a wurinmu shekaranjiya. Yana da ciwon daji a ciki, amma ba shi ya kashe shi ba. Bakinsa da maƙogwaronsa duk sun ƙone, ƙodarsa ta tsaya. Yanzu sakamakon gwaji ya dawo. Maganin kashe ciyawa ne."

"Da kansa ya sha, ko ba shi aka yi?"

"Wannan kuma aikinka ne. Ni dai mutumin da na gani, kullum roƙona yake in sallame shi ya je ya duba lambunsa. Mai neman mutuwa ba ya haka."

"Sunansa?"

"Velile Somdaka, daga ƙauyen Dumasi."

Sufeto ya riƙe biro bai rubuta komai ba. Sai da likita ya ce, "Kana jina?" sannan ya yi godiya ya ajiye wayar.

Saja Andiswa Poto ta leƙo da makullin mota a hannu. Shekara uku ke nan suna aiki tare, kuma bakinta bai taɓa jin tsoronsa ba.

"Yallaɓai, mai unguwar Dumasi ya bugo. Wai mutane sun tsare wani maƙwabcin mamaci mai suna Mzoli a rumbu, suna cewa shi ya sa guba. Ya ce in ba mu hanzarta ba, toka za mu tarar." Ta dube shi da kyau. "Lafiya? Kamar ka ga fatalwa."

"Mu tafi," ya ce.

Awa biyu suka yi a hanya, mota na tsalle a kan duwatsu. Saja na tuƙi tana tsine wa ramuka ɗaya bayan ɗaya. Sufeto kuwa idonsa na kan tsaunuka.

A kwarin da ke bayan Dumasi aka haife shi. Shi ya sa shekara goma sha ɗaya da suka wuce, yana kurtu, aka zaɓe shi ya hau jirgi mai saukar ungulu tare da masu feshin gonakin wiwi. Matuƙin baƙo ne, bai san ƙasar Pondo ba. Fikile ya san kowane gangare da mai shi. Yatsa kawai yake nunawa, jirgi ya yi ƙasa ya saki feshi. Feshin bai san wiwi ba, bai san masara ba. Ya sauka a kan kabewa da wake da rafin da mata ke wanki.

Bayan sati biyu wani dattijo ya shigo caji ofis da ƙullin hankici, ya kwance shi a kan kanta. Ƙasa ce, fara fat, busasshiya.

"Kai ne ɗan marigayi Dweba ko? Na san mahaifinka. Shinshina wannan ka gaya mini ko akwai sauran rai a ciki."

"Tata, ba a buɗe fayil a kan ƙasa," in ji Fikile a ranar, ya kira shi Tata kamar yadda ake kiran uba ko dattijo a yankin, abokan aikinsa na dariya. Dattijon ya ƙulle hankicinsa ya fita. A shekarar aka ƙara wa Fikile girma. Daga baya kotu ta ce kowa na iya shuka wiwi a gidansa don amfanin kansa, jiragen suka daina zuwa, ba wanda ya ƙara tayar da zancen. Dattijon nan shi ne Velile Somdaka.

Inda hanya ta ƙare suka ajiye mota suka hau gangare da ƙafa. Mutane sun kai talatin a ƙofar wani rumbun masara, wasu da kulake. Mai unguwa na tsaye a bakin ƙofa, zufa ta jiƙa masa riga.

"Mun san shi!" wata mata ta ɗaga murya. "Shekara nawa Mzoli yana cewa sai ya ga bayan lambun nan?"

"Shi kaɗai ke feshi a ƙauyen nan!"

Sufeto ya ɗaga hannu. "Wanda ya gan shi da idonsa yana sa guba ya matso ya ba da sunansa."

Ba wanda ya matso.

"To ku koma gida. Duk wanda ya ƙyasta ashana a nan yau, a bayan kanta zai kwana. Mai unguwa, a bar shi a ciki tukuna, ya fi masa lafiya. Nuna mini lambun."

Lambun na bayan gidan mamacin, an kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Bai fi taku ashirin ba ta kowane gefe. Kunya shida ne na wiwi, kowace ta wuce kan mutum, an shuka wake da kabewa a tsakani, an lulluɓe ƙasar da busasshiyar ciyawa. A lungu akwai tarin taki uku, ɗaya sabo, ɗaya ya fara ruɓewa, ɗaya ya zama baƙi wuluk.

"Shekara tara ya yi yana tayar da wannan ƙasa bayan feshin jirgi," in ji mai unguwa. "Kashin shanu, toka, ɓawon ƙwai, ganyen wake, komai a baro yake turowa. Ko ƙwayar takin zamani bai taɓa sawa ba. In ka zo gaishe shi, sai ya damƙo ƙasa ya tura maka a hanci. Tun da ciwo ya kama shi kuma, ganyen yake dafawa ya sha, shi ke sa shi barci."

Sufeto ya tsuguna a kunyar ƙarshe ya cusa hannu. Ƙasar na da laushi da sanyi, tana ƙamshin farkon damina, ga tana na motsi tsakanin yatsunsa. Ya daɗe bai cire hannun ba.

Kunya biyu na farko kuwa sun mutu. Ganyen ya yi ɗige-ɗige ruwan ƙasa, ya nannaɗe, ya bushe. Sufeto ya san wannan kama. Ya gan ta a gonaki ɗari.

"Feshi aka yi," in ji Saja.

"A'a. Feshi daga sama yake ci. Dubi kawunansu, har yanzu da sauran kore. Wannan daga ƙasa ya kama. Mamacin da hannunsa ya ba su, a ruwan ban-ruwa. Kunya biyu ya shayar, bai kai ta uku ba."

"Yallaɓai, yaushe ka zama malamin gona?"

Ya nufi wani shuɗin duro da ke ƙarƙashin indararon ɗakin kwano. Ba ruwa a ciki ko ɗigo, an goge cikinsa tas har yana ƙyalli. Daga gindinsa ciyawa ta ƙone a miƙe, kamar an ja layi, har cikin gangare. A jikin bango, a kan ƙusa, an rataye wani kofin silba.

"Saja, gida ana makoki, wa ke da lokacin wanke duro? Sa kofin nan a leda."

Mzoli Dangazele ya haura sittin, gajere ne mai furfura, an fasa masa leɓe. Sufeto ya same shi a cikin rumbun, yana zaune a kan buhun masara.

"Yallaɓai, da ina son kashe shi ai da tuni an yi sadakar arba'in. Shekara arba'in muna zagin juna ta kan shinge. Shi ya ce ni makashin ƙasa ne, ni in ce shi mahaukacin kashin shanu ne. Da yamma kuma mu sha giya a ƙwarya ɗaya."

"Kana da maganin kashe ciyawa?"

"Ni? Bana ban saya ba sam."

Saja ta shigo ta dire wata jarka a gabansa. "A rufin ɗakinka na samo. Ko man shafawa ne, Tata?"

Mzoli ya sunkuyar da kai.

"An ɗebi kamar kwalba guda," in ji Sufeto. "Masararka ta riga ta yi goyo, ba lokacin feshi ba ne. Wa ka ba?"

"Wani baƙo ne mai wucewa."

"Sunansa?"

"Ban tambaya ba."

"Baƙo ya hau tsaunin nan, tafiyar awa guda a ƙafa, don ya roƙi kwalbar magani? Tata, ka girme ni, kada ka sa in ce ka yi ƙarya."

Mzoli ya yi ta murza hularsa. Can ya ɗago, idonsa ya kaɗa.

"To rubuta. Ni ne. Ni na yi, ku tafi da ni a huta."

"Yaya ka yi?"

"Na ɗauki famfon feshina na tsallaka shinge na fesa wa ganyen. Shi kuma ya tsinka ya dafa ya sha."

"Kunya nawa ka fesa?"

"Duka."

Sufeto ya rufe littafinsa. Da suka fito Saja ta ce, "Ga shi ya amsa, amma ko lambun bai leƙa ba."

"Bai san zancen duro ba. Akwai wanda yake karewa, har ya gwammace kurkuku."

A ɗakin makoki an fitar da kaya duka. Matar mamacin, Mama Nofezile, na zaune a kan katifa a ƙasa, an lulluɓe ta da bargo, kyandir na ci a gefenta. Mata na jere a jikin bango. Wata mai kimanin shekara talatin da biyar ta kawo wa baƙi shayi da burodi, ta ja hannun rigar sanyinta har kan yatsu, ta fita da sauri.

"'Yata ce, Bulelwa," in ji tsohuwar. "Ma'aikaciyar jinya ce a Durban. Ita kaɗai Allah ya bar mana."

Sufeto ya yi ta'aziyya, ya roƙi matan su ba su wuri. Da ɗakin ya rage, tsohuwar ta ƙura masa ido.

"Ɗan Dweba. Ka yi ƙiba."

"Kin gane ni, Mama."

"Ai a ƙofar jirgi kake zaune, ƙafarka na reto. Duk ƙauyen nan an gan ka. Yi tambayarka."

"Kofin da ke rataye a jikin duro, na waye?"

"Nasa ne. Famfon ƙauye ya ƙafe wata uku ke nan, mu muna ɗibo ruwa a idon ruwa can ƙasa. Shi kuwa ya ce ba zai wahalar da ni ba, ruwan sama ya ishe shi. Abin da shukarsa ta sha, shi zai sha."

"Bai ji wari ko ɗaci ba?"

"Ciwon ya kashe masa baki tun bara. Ko barkono ka ba shi, ruwa ne."

"Wa ya san yana sha a duron?"

"Kowa a nan ya sani."

"Har Mzoli?"

"Mzoli ma a kofin yake sha in ya zo." Ta yi saurin ƙarawa, "Amma ai mugu ba ya rasa hanya."

"Kin yarda shi ne?"

Ta juyar da kai wajen kyandir. "Haka mutane ke faɗa."

"Yaushe Bulelwa ta zo?"

"Ran Laraba, da aka kai shi asibiti. Rabonta da gida tun Ista."

"Wa ya wanke duron?"

"Ban sani ba. Ni ina asibiti."

A waje Sufeto ya tsaya yana kallon lambun. Har yanzu maganar ƙofar jirgi na masa yawo a kai, sai da ya tilasta wa kansa komawa kan aiki.

"Hanya biyu ce, Saja. Ko dai wanda ya zuba maganin ya san Tata na sha, da niyyar kisa ya yi. Ko kuwa shukar kawai ya nufa, bai san an koma shan ruwan duron ba."

"Ke nan wanda ba ya zaune a ƙauyen."

"Mu nemo kwalbar."

Suka duba bayan ɗakuna da garken shanu da ramin shara, babu. Saja ta ɗauko cebur ta nufi sabon tarin taki tana toshe hanci.

"In na mutu da warin nan, Yallaɓai, ka gaya wa mijina a bakin aiki na faɗi."

Ba su sami kwalba ba. Amma a ƙarƙashin ganyen kabeji da toka, cebur ya juyo da guntayen wani kati mai kauri, an yaga shi gida huɗu. Danshi ya fara cinsa, amma rubutun na nan. Sufeto ya jera su a kan gwiwarsa. Katin kwanciya ne na wani asibiti a Durban, da sunan Velile Somdaka, za a yi masa tiyata ranar goma sha bakwai ga wata. Hatimin da ke ƙasa ya nuna ranar da aka bayar da shi, Asabar ɗin da ta gabaci rashin lafiyarsa.

"An ba da shi a Durban ran Asabar," in ji Saja a hankali. "Tata ya kwanta ran Talata. Ba gidan waya a nan. Da ƙafa katin nan ya zo."

"Kira mini ita. Nan lambun, ba cikin mutane ba."

Bulelwa ta zo tana tafiya kamar mai ɗauke da tulu. Da ta ga guntayen katin a hannunsa sai ta tsaya cik.

"Yaushe kika zo gida, 'yar'uwa?"

"Ran Laraba. Ai Mama ta gaya maka."

"Kafin Larabar fa?"

"Tun Ista."

"Wa ya kawo wannan?"

"Aikowa na yi. Direban tasi na ba."

"Wane direba? Su huɗu ne kacal ke bin hanyar nan, kafin la'asar zan tambaye su duka."

Ta ja hannun rigarta ta rufe yatsunta.

"Nuna mini hannunki."

Ta ƙara jan hannun rigar. Saja ta matsa ta riƙo ta a hankali ta naɗe rigar. Fatar yatsun ta saɓule, faratan biyu sun yi fari sun fara ɗagowa.

"Tukunya ce ta ƙona ni."

"Tukunya ba ta cin farce," in ji Sufeto. "Na ga hannun masu cika tankin feshi, haka yake zama in an taɓa ba safar hannu." Sannan ya ci gaba da murya ƙasa-ƙasa. "Ba zan yi miki tsawa ba, ba ni da bakin yi. Ni na fara kashe wannan lambun, kin sani, uwarki ma ta sani. Shekara goma sha ɗaya ina gaya wa kaina umarni aka ba ni. Ina ta cewa wata rana zan hau tsaunin nan in ba shi haƙuri, ga ranar da na hau. Amma akwai dattijo a rumbu da fasasshen leɓe, ya ce in rubuta shi ne ya yi. In na sauka da shi, shekarun da suka rage masa a kurkuku zai ƙarasa su."

Ta ɗago da sauri. "Tata Mzoli ya ce shi ne?"

"Ya ce in tafi da shi a huta."

Ta zauna a kan kifaffen baro, ta rufe fuska. Sai da ta yi kuka mai isarta sannan ta fara magana, Saja na rubutawa.

"Wata bakwai ina bin likitoci kafin in samo masa gadon nan. Sun ce in an yanke yanzu zai iya ƙara shekara biyar, ko fiye. Ran Lahadi na kawo katin da murnata. A nan na same shi, yana juya taki. Ya karanta, ya yaga, ya jefa a ciki, ya ce aƙalla takarda za ta yi wa ƙasa amfani. Ya nuna shukar ya ce, 'Ga asibitina nan. In na tafi Durban wa zai ba su ruwa?' Na yi kuka, na durƙusa, na ce Tata, ganyen nan ciwon kawai yake rufe maka, abin yana ci. Ya ce in tashi kada in tattake masa wake."

Ta share hanci da bayan hannu.

"Sai na ce a raina, in shukar ta mutu ba shi da abin da zai tsaya dominsa. Da yamma na je wurin Tata Mzoli na ce ciyawa ta rufe kabarin kakata, ya ɗiba mini a kwalba. Litinin da sassafe kafin in bi motar farko na juye a duron, na jefa kwalbar a kogi. Wallahi tun ina yarinya duron nan na ban-ruwa ne. Ban ga kofin ba. Ko na gani ban kula ba, ban sani ba."

"Yaushe kika gane?"

"Ran Laraba. Ina shiga ɗakin asibiti na ga bakinsa. Na tambayi Mama a ina yake shan ruwa, ta gaya mini."

"Kin gaya wa likita?"

Ta kau da kai. Wata akuya ta yi kuka a bayan shinge.

"Bulelwa, kin gaya wa likita?"

"Sau uku ina bin shi har ƙofar ofis." Muryarta ta dushe. "Suna ta ba shi maganin ciwon daji, ina tsaye ina kallo, na san ba shi ba ne. In na buɗe baki sai in ga fuskar Mama, in ga aikina, in ga mutanen ƙauye. Na ce wataƙila kaɗan ya sha, zai wuce. Ran Alhamis na ce gobe zan faɗa."

"Wanke duron fa?"

"Shi ya sa ni. Ran Juma'a Mama ta fita, ya kamo hannuna. Da ƙyar yake magana. Ya ce ya ga ganyen tun ran Talata, ya san abin da ya ci su. Ya ce, 'Je ki wanke duron nan, kada Mzoli ya zo ya sha, kada awaki su sha.' Bai tambaye ni komai ba. Bai ce don me ba. Da ya zage ni da ya fi mini."

"Mama ta sani?"

"Na gaya mata ranar da ya cika. Ta ce ta rasa miji, ba za ta rasa 'ya ba. Ta ce in na buɗe baki ba ta yafe ba. Don Allah kada ku taɓa ta."

Sufeto ya dubi Saja. Saja ta ɗaga biro daga kan takarda, ba ta rubuta wannan ba, shi kuma bai ce ta rubuta ba.

"Bulelwa Somdaka, na kama ki bisa zargin haddasa mutuwar mahaifinki. Kina da damar yin shiru, kina da damar samun lauya. Zan rubuta yadda kika faɗa, cewa shukar kika nufa. Sauran na alƙali ne."

Ta miƙa hannu biyu. Saja ta dubi yatsun, ta mayar da ankwa aljihu.

"Abu ɗaya," in ji Bulelwa. "Ku bar ni in faɗa musu da bakina. In kai ka faɗa, za su ce Tata Mzoli ya saye ka."

Mutanen ba su koma gida ba, suna zazzaune a inuwar rumbu. Ta tsaya a gabansu ta faɗi abin da ta yi a taƙaice, ba ta ɓoye komai ba sai zancen uwarta. Matar da ta fi kowa ɗaga murya ɗazu ta ɗora hannu a ka. Masu kulake suka fara ɓoye su a bayansu. Mai unguwa ya cire sakata, Mzoli ya fito yana ƙifta ido.

"'Yar nan, wa ya aike ki?" ya ce, hawaye na bin furfurarsa. "Ai na riga na gama magana da su. Ni da na ɗiba miki ban tambaya ba, ni ba mai laifi ba ne?"

Ta durƙusa a gabansa. Ya dafa kanta.

Da suka biyo ta ƙofar ɗakin makoki, Bulelwa ta tsaya, amma ba ta shiga ba.

"Mama, na faɗa."

Can muryar tsohuwar ta fito daga ciki.

"Ɗan Dweba! Ran Asabar za a binne shi. Ka kawo mini ita ta zuba wa ubanta ƙasa."

"Zan roƙi alƙali, Mama. Ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba, amma da kaina zan tsaya a gabansa."

Suka gangara su uku. A mota Bulelwa ta zauna a baya, hannuwanta a kan cinya. Saja ta sa makulli ke nan sai Bulelwa ta ce, "Sufeto."

Ya waiwayo.

"Da na gaya wa likita ran Laraba, da ya rayu?"

"Ban sani ba, 'yar'uwa. Ni ba likita ba ne."

"Ni aikin asibiti nake, na san amsar," ta ce. "So nake kawai in ji wani ya ce mini a'a."

Saja ta dubi sitiyari. Ba wanda ya ce mata a'a. Motar ta tashi, suka kama hanyar gari.